Kifin Shak a Cikin Baitin Yara: Tarihin Wata Al'adar Koyarwa

Daga cikin al'adun da suka kafu a adabin yara na ƙasashen da ke magana da Ingilishi, musamman Amurka da Ingila, akwai ta gabatar wa yaro da dabba ta hanyar gajeriyar rubutacciyar waƙa, a haɗa ta da zane da ɗan bayani a zube, kuma a ƴan shekarun nan wannan al'ada ta kai ga wata halittar da a da ba wanda zai yi zaton za ta samu gurbi a irin waɗannan littattafai, wato kifin shak. Shak, wanda Larabawa ke kira ƙirshu, suna ne na wani babban dangin kifayen teku waɗanda jikinsu ba ya ɗauke da ƙashi sai guringuntsi, suke numfashi ta wasu tsagogi biyar zuwa bakwai da ke gefen wuyansu, kuma haƙoransu ke jere sahu-sahu, in na gaba ya zube na baya ya matso ya maye gurbinsa har ƙarshen rayuwa. Masana halittun ruwa sun ƙidaya iri fiye da 500 a wannan dangi, burbushin da aka tono kuma ya nuna cewa kakanninsu suna cikin teku tun fiye da shekaru miliyan 400. Tarihin yadda wannan dangi ya shiga waƙoƙin yara tarihi ne na hanyoyi biyu da suka daɗe suna tafiya kowace ita kaɗai, ɗaya ita ce hanyar koyarwa da baiti, ɗayar kuma hanyar sanin shi kansa kifin, kuma haɗuwarsu ta yi jinkiri ƙwarai saboda ta biyun ta fi ta farkon nawa.

Koyarwa da baiti tsohuwar dabara ce da ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya tashi inda ake haddace Alfiyyar Ibnu Malik don riƙe nahawu, ko inda waƙoƙin Nana Asma'u suka zama darasin mata a hannun jajoji, domin dalilin ɗaya ne a ko'ina: kari da amsa-amo suna riƙe magana a ƙwaƙwalwa fiye da yadda zube ke yi. Abin da ya shafi kifaye kai tsaye ya faro ne daga Girkawa. Wajen shekara ta 177 zuwa 180 miladiyya, wani mawaƙi mai suna Oppiyan, ɗan yankin Kilikiya da ke kudancin Turkiyya ta yau, ya tsara doguwar waƙa kan kifaye da sana'ar su, mai ɗango kusan 3,500 a kashi biyar, ya sadaukar da ita ga sarkin Rum Markus Aureliyus da ɗansa Kommodus. Kashi biyun farko sun yi magana kan mazaunin kifaye da yadda suke hayayyafa da yadda suke farautar juna, ukun ƙarshe kuma kan dabarun masunta na taru da fatsa da mashi. Waƙar ta rayu ta hanyar makaranta, domin a zamanin daular Rumawan Gabas malamai sun riƙa karantar da ita ga ɗalibai, suna cika gefen shafukanta da sharhi, kuma wannan ne ya sa kwafinta na rubutun hannu suka yi yawa.

A cikin wannan waƙa akwai abin da ya kamata duk mai koyarwa da baiti ya tsaya a kansa. Oppiyan ya yaba wa wasu ƙananan kifayen shak da ƙaunar ƴaƴansu, yana cewa idan ƴaƴan suka firgita sukan koma cikin uwa ta inda suka fito, su fake har hatsarin ya wuce. Wannan ba gaskiya ba ne, amma kuskuren ya samo tushe daga abin da masunta suka gani da idonsu, domin sukan farke cikin kifin su tarar da ƴaƴa masu rai, cikakku, suna motsi. Aristotal, wanda ya rigayi Oppiyan da kusan ƙarni biyar, ya riga ya lura cewa akwai wani nau'in shak mai santsin fata wanda ɗansa ke manne da uwa ta igiyar cibiya da wani abu mai kama da mabiyiya, kamar yadda ake gani ga akuya ko saniya, kuma wannan lura tasa daidai ce, sai dai ta zauna cikin shakku har zuwa 1842, lokacin da Bajamushen masani Johannes Müller ya wallafa binciken da ya tabbatar da ita. Ke nan baiti ya ɗauki labarin ƙarya mai daɗi ya kai shi ga ɗalibai ƙarni bayan ƙarni, alhali gaskiyar da ta fi shi ban mamaki tana kwance a littafin zube ana tababarta. Kari ba ya bambanta sahihi da ƙage, duk abin da aka ɗora masa shi yake adanawa, kuma wannan matsala ce da marubutan baya suka gada, suka kuma yi ta neman maganinta.

Sanin shak ta hanyar fiɗa da aunawa ya soma tsayuwa da ƙafarsa a Italiya a ƙarni na 17. A watan Oktoba na 1666 masunta suka kama wani ƙaton farin shak kusa da garin Liborno, sarkin Toskana Ferdinando na Biyu ya sa aka kai kansa birnin Fulorans wurin wani masanin sassan jiki ɗan ƙasar Denmak mai suna Nikolas Steno. Da Steno ya duba haƙoran sai ya ga sun yi daidai da wasu duwatsu masu kusurwa uku da ake tonowa a tsibirin Malta, waɗanda mutane ke kira harsunan dutse suna rataya su a matsayin maganin dafi, kuma a rubutun da ya fitar a 1667 ya kawo hujjar cewa waɗannan duwatsu haƙoran kifayen shak ne na zamanin da, abin da ya zama ɗaya daga cikin tubalan ilimin duwatsu da burbushin halittu. Bayan shekaru goma sha ɗaya, a 1678, Stefano Lorenzini ya bayyana wasu ƙananan ramuka masu cike da ruwa mai kauri da ke fatar kan irin waɗannan kifaye, amma amfaninsu bai fito fili ba sai a shekarun 1960 zuwa farkon 1970, sa'ad da gwaje-gwaje suka nuna cewa da su ne kifin ke jin ɗan ƙaramin lantarkin da jikin kowace halitta mai rai ke fitarwa, har ya iya gano kifin da ya binne kansa a cikin yashi. Tazarar kusan shekaru 300 tsakanin ganin abu da fahimtarsa ta isa ta nuna irin nawar da wannan ilimi ya yi.

A ɗaya ɓangaren, waƙar yara a matsayin sana'ar ɗab'i ta taso a Ingila a ƙarni na 18, kuma ta taso ne a hannun masu wa'azi. Littafin waƙoƙin addini na yara da Isaac Watts ya fitar a 1715 ya yi amfani da dabbobi, amma a matsayin misalin hali kawai, ƙudan zuma don ƙwazo, karnuka don faɗa, ba tare da damuwa da yadda dabbar take rayuwa ba. Sauyi ya zo ta hanyoyi biyu. Likita Erasmus Darwin, kakan Charles Darwin, ya fitar da doguwar waƙa a 1789 wadda ta mayar da tsarin rarraba tsirrai na Linnaeus zuwa baiti, ya kuma bi baitocin da dogon bayani a zube a ƙasan shafi, inda mai karatu zai tarar da ainihin ilimin da ƙawar baitin ta lulluɓe. Ba don yara ya rubuta ba, amma tsarin da ya bi, wato baiti a sama bayani a ƙasa, shi ne amsar matsalar da waƙar Oppiyan ta bari, kuma shi ne kakan tsarin da littattafan yara ke bi a yau. Sai kuma William Roscoe, mutumin Libaful, wanda waƙarsa kan bikin malam-buɗe-littafi da fara ta fito a matsayin ƙaramin littafi mai zane a 1807, ba wa'azi a cikinta ko kaɗan, ta samu karɓuwar da ta sa masu ɗab'i suka yi ta fitar da makamantanta kan tsuntsaye da namun daji.

Shak bai samu rabo daga wannan sauyi ba, kuma dalilin a bayyane yake: Turawa sun san shi ne ta bakin matuƙan jiragen ruwa, su kuwa matuƙa sun san shi ne a matsayin abin da ke bin jirgi yana jiran wanda zai faɗa. Wannan siffa ta ƙara muni da cinikin bayi na tekun Atilantika, domin kifayen sun riƙa bin jiragen da suka taso daga gaɓar Afirka ta Yamma saboda gawawwakin da ake jefawa ruwa, kuma mawaƙin Sikotland James Thomson ya saka wannan hoto a doguwar waƙarsa kan lokutan shekara, masu yaƙi da bauta kuma suka yi ta amfani da shi a rubuce-rubucensu. Ko a inda aka nufi yara, darasin tsoro da tsira ne ake so su ɗauka. Brook Watson, wanda shak ya cire wa ƙafar dama yana ɗan shekara 14 lokacin da yake iyo a tashar jiragen Habana a 1749, ya girma ya zama attajiri har ya riƙe magajin garin Landan a 1796, kuma shi ne ya sa John Singleton Copley ya zana abin da ya same shi a 1778, ya kuma bar wasiyyar a ba da zanen ga makarantar Christ's Hospital don ya zama darasi ga yaranta. Duk wanda ya san kifin zai ga cewa na cikin zanen yana da leɓɓa da wasu siffofin da ba nasa ba, alamar cewa mai zanen ya dogara ne da labari. Tsawon shekaru yaran wannan makaranta suna kallon dabbar da ba ta wanzu a kowane teku ba, a matsayin shak.

Manyan mawaƙa ma ba su kauce wa wannan hanya ba. Waƙar Herman Melville ta 1888 kan shak na tekun Maldib, da ta E. J. Pratt, mutumin Niwfawunlan, wadda ta fito a 1923 ta kuma shiga littattafan karatu na makarantun Kanada, duka waƙoƙi ne masu ƙarfi da ƙwarewa, amma kifin da ke cikinsu ɗaya ne, mai sanyin jini, mai yanka ruwa da fiffikensa, wanda ba shi da wani aiki sai ci. Harin da ya auku a gaɓar jihar Niw Jasi ta Amurka a watan Yulin 1916, inda mutum huɗu suka rasu cikin kwana goma sha biyu, ya kafa wannan tsoro a jaridu, sannan littafin Jaws na Peter Benchley a 1974 da fim ɗin da Steven Spielberg ya yi da shi a 1975 suka kai shi kowane gida. Dangi mai iri fiye da 500 ya koma fuska ɗaya a idon jama'a, fuskar farin shak babba, kuma marubucin da ke da fuska ɗaya kawai ba zai iya cika littafin waƙoƙi da ita ba.

Amma a duk tsawon wannan lokaci, can nesa da jaridu, masana suna ta tara wasu fuskokin. A 1824 masana biyu na Faransa, Quoy da Gaimard, suka bayyana wani ɗan shak mai siffar sigari, wanda tsawonsa bai wuce rabin mita da ɗan kai ba, cikinsa kuma yana haske a duhu. Shekaru da yawa masunta suna ganin raunuka masu da'ira, kamar an kwashe da ludayi, a jikin manyan kifaye da dabbobin teku, ana ta danganta su ga ƙwayoyin cuta ko tsutsotsi, har sai a 1971 da Everet Jones ya nuna cewa aikin wannan ɗan kifi ne, wanda ke manna leɓɓansa a jikin babbar dabba, ya kafa haƙoransa na ƙasa masu kama da zarto, ya juya jikinsa ya ɗebe gutsure ya wuce. A shekarun 1970 ya yi wa robar da ke rufe na'urorin sauraro na jiragen yaƙin Amurka masu nutso irin wannan ɓarna, har aka soma zargin wani makamin abokan gaba kafin a gano mai laifin. A 1828 Andrew Smith ya bayyana mafi girman kifaye duka daga wanda aka soka a gaɓar Kef ta Afirka ta Kudu, shak ne mai ɗigo-ɗigon fari da kan haura mita 12, amma abincinsa ƙananan halittu ne da yake tacewa daga ruwa, kuma ba ya cutar da mai iyo.

Tekun Japan ya ba da biyu daga cikin mafi ban mamaki. A 1884 Samuel Garman ya bayyana wani shak mai dogon jiki kamar maciji, mai tsagogin numfashi shida masu tattara kamar bakin zane, da haƙora kusan 300 kowane mai tsini uku. A 1898 kuma David Starr Jordan ya bayyana wani da aka kama kusa da Yokohama, ya raɗa masa sunan kimiyya da ya haɗa sunan masanin Japan Kakichi Mitsukuri da na Alan Owston, ɗan kasuwar Ingila da ya samo kifin. Masuntan Japan suna kiransa da sunan tengu, wani dodon tatsuniyarsu mai dogon hanci, saboda hancinsa mai faɗi da ya miƙe gaba kamar takobi. Muƙamuƙinsa ba a kafe yake da ƙoƙon kai ba, yakan harba shi gaba ya cafke abinci sannan ya mayar, kuma da yake gawawwakin farko sun sandare da muƙamuƙin a waje, zanen da aka yi ta yaɗawa ya nuna shi da munin da ba ya da shi idan yana iyo a natse, bakinsa a rufe, jikinsa da launin ja-ja mai haske.

Binciken da ya fi girgiza masana ya zo ne shekara ɗaya kacal bayan fim ɗin Spielberg. Ranar 15 ga Nuwamban 1976 wani jirgin rundunar ruwan Amurka da ke aiki kusa da tsibirin Owahu na Hawai ya jawo angarsa ta tanti, wadda ake saki cikin ruwa don tsayar da jirgi, sai aka tarar da wani kifi mai tsawon kusan mita huɗu da rabi da nauyin kilo 750 ya sarƙe a jikinta. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Kansa ƙato ne, bakinsa wagege, haƙoransa ƙanana ƙwarai, kuma shi ma tace ruwa yake yi. Leighton Taylor da abokan aikinsa biyu suka kammala bayaninsa a 1983, aka ba shi dangi nasa na kansa, aka kuma san shi da sunan mai ƙaton baki. Cewa dabba mai wannan girma ta ɓuya wa ɗan Adam har zuwa ƙarshen ƙarni na 20 ya sauya yadda ake magana kan teku, kuma ya ba malamai wata gaskiya da ke da tasiri ga yaro fiye da kowane labarin cizo, wato cewa akwai sauran abin ganowa, kuma mai ganowar yana iya zama shi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tasiri wajen kai wannan sabon sani ga yara ita ce Eugenie Clark, wadda aka haifa a Niw Yok a 1922, mahaifiyarta ƴar asalin Japan. Tana da shekara tara ta soma zuwa gidan ajiyar kifaye na birnin kowace Asabar yayin da mahaifiyarta ke wurin aiki, kuma daga nan ta ɗauki hanyar da ta kai ta bincike a Bahar Maliya a gaɓar Masar, ta kuma kafa ɗakin binciken halittun teku a Fulorida a 1955. A ƙarshen shekarun 1950 ta horar da wasu kifayen shak su danna wani allo da hanci don su samu abinci, abin da ya rushe zaton cewa su injin ci ne marar koyo. Littafin da Ann McGovern ta rubuta wa yara kan rayuwarta a 1978 ya fito ne a tsakiyar firgicin da fim ɗin ya haifar, ya kuma ba yaran makaranta, musamman mata, hoton mutumin da ke nutso kusa da shak da takarda da alƙalami maimakon mashi. Clark ta ci gaba da nutso har ta haura shekara 90, ta rasu a 2015. Shi ma Benchley ya juya a ƙarshen rayuwarsa ya zama mai kare waɗannan kifaye, ya bayyana nadamarsa kan siffar da littafinsa ya ba su, kuma a 2005, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, aka fitar da littafinsa kan rayuwar shak wanda aka sauƙaƙa don matasa.

Kafin waƙa ta iya ɗaukar wannan kaya sai da ita ma ta samu matsayi a makaranta. Bayan da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957, majalisar Amurka ta yi dokar ilimi ta 1958 wadda ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya, kasuwar littattafan kimiyya na yara ta buɗe. Ƙungiyar malaman Ingilishi ta ƙasar ta kafa lambar yabo ta mawaƙan yara a 1977, aka kuma ware watan Afrilu a matsayin watan waƙa daga 1996, abin da ya sa malamai da masu kula da ɗakunan karatu ke neman sababbin littattafan waƙa kowace shekara. A 1989 littafin Paul Fleischman na waƙoƙi kan ƙwari, waɗanda aka tsara don mutum biyu su karanta tare, muryoyinsu na haɗuwa suna rabuwa, ya ci lambar Newbery, wadda ita ce mafi daraja a adabin yara na Amurka. Douglas Florian ya bi da jerin littattafan waƙa kan dabbobi da zanen hannunsa, ciki har da na halittun ruwa a 1997. Joyce Sidman kuma, a littafinta na 2005 kan halittun kududdufi, ta daidaita tsarin da ya zama abin koyi, inda kowace waƙa ke da ɗan sakin layi na zube a gefenta mai ɗauke da bayanin da masana suka tabbatar. Tsarin Erasmus Darwin ne ya dawo bayan fiye da shekaru 200, an rage masa tsawo daidai numfashin yaro.

A nan ne hanyoyin biyu suka haɗu. Littafin zube mai zane na Nicola Davies, masaniyar dabbobi ƴar Ingila, wanda ya fito a 2003, ya gina kansa gaba ɗaya kan cewa yawancin kifayen shak ba su yi kama da wanda yaro ke tsoro ba, ya fara da wani shak mai fitila, wato mai fitar da haske daga jikinsa, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu da ɗan abu ba. A 2016 kuma kamfanin Candlewick ya fitar da Slickety Quick na Skila Brown da zanen Bob Kolar, littafin waƙoƙi 14, kowace kan nau'i ɗaya, ciki har da mai gutsure da mai hancin dodo da mai ƙaton baki da mai wuyan tattara da wobegon, wanda ke kwanciya a ƙasan teku kamar darduma mai geza yana jiran abinci ya zo da kansa. An tsara rubutun wasu waƙoƙin ya ɗauki siffa a kan shafi, dabarar da ake kira waƙar siffa, kuma kowace tana tare da ɗan bayaninta na zube.

Dacewar waƙa da wannan aiki ta wuce batun hadda. Jerin bayanai yakan ba yaro lambobi da yawa a lokaci ɗaya, tsawo da nauyi da zurfi, waɗanda ke gogewa da zarar an rufe shafi, ita kuwa gajeriyar waƙa ba ta da wurin ɗaukar fiye da abu ɗaya ko biyu, don haka dole mawaƙi ya tambayi kansa mene ne ainihin abin da ya raba wannan kifi da sauran, kuma wannan tambaya ita ce wadda masanin rarraba halittu ke yi wa kansa. Kari ma yana iya ɗaukar ma'ana, domin ɗango mai gajerun gaɓoɓi masu gudu ya dace da shak mai sauri, mai dogayen gaɓoɓi kuma ya dace da na tekun Girinlan, wanda ke ƙaruwa da kusan santimita ɗaya a shekara, wanda kuma binciken Julius Nielsen da abokansa na 2016 kan ƙwayar idon mata 28 ya nuna cewa babbarsu ta kai aƙalla shekara 272, mai yiwuwa kusan 400, kuma ba sa isa haihuwa sai wajen shekara 150. Hatsarin da ke cikin wannan sana'a shi ne na da, wato amsa-amo ya ja mawaƙi ya faɗi abin da ba haka ba, ko sha'awar abin al'ajabi ta mayar da kifin abin kallo kamar dodo, a sauya tsoro da dariya ba tare da an kai ga sani ba. Littafin da ya cancanci a miƙa wa yaro shi ne wanda baitinsa zai iya tsayawa gaban bayanin da ke gefensa ba tare da sun ƙaryata juna ba.

Akwai kuma dalilin gaggawa da marubutan ƙarni na 19 ba su da shi. Ƙiyasin da Boris Worm da abokansa suka wallafa a 2013 ya nuna ana kashe kifayen shak kusan miliyan 100 a kowace shekara, don nama da man hanta da fiffiken da ake miya da shi a wasu ƙasashen Asiya, wasu kuma suna mutuwa a tarun da aka kafa don wani kifin. Wani binciken da ya fito a mujallar Nature a 2021 ya gano cewa yawan kifayen shak na tsakiyar teku da danginsu masu faɗin jiki ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Mutanen da shak ke kashewa a duniya kuwa, a yawancin shekaru, ba sa kai goma. Da yake waɗannan kifaye suna jinkirin balaga kuma ba sa haihuwa da yawa, ba sa iya mayar da abin da aka ɗebe da sauri kamar sauran kifaye, kuma dokar da za ta kare su tana buƙatar jama'ar da ta san cewa suna da daraja, jama'ar da yawancinta ke samun saninta na farko a ajin firamare.

Alamar yadda nisan tafiyar ya kai ta bayyana a ƙarshen 2015, lokacin da Victoria Vásquez, tana ɗalibar bincike a Kalifoniya, tare da David Ebert da Douglas Long, suka bayyana wani sabon nau'in shak mai fitila daga kifaye takwas da aka kama a 2010 a gaɓar Amurka ta Tsakiya ta ɓangaren tekun Fasifik, a zurfin da ya kama daga kimanin mita 800 zuwa 1,400. Kifin baƙi ne ƙirin, tsawonsa kusan rabin mita, kuma ɗan hasken da jikinsa ke fitarwa yana taimaka masa ya saje da hasken da ke saukowa daga sama, ta yadda abin da ke ƙasansa ba zai ga inuwarsa ba. Sunan kimiyyar da aka ba shi, Etmopterus benchleyi, na girmama Peter Benchley ne saboda aikin kariyar da ya yi a ƙarshen rayuwarsa. Sunan da jama'a za su riƙa kiransa da shi kuwa, Vásquez ta nemi shawarar ƙananan ƴan'uwanta masu shekara 8 zuwa 14, ta bayyana musu launinsa da yadda yake ɓuya, su kuma suka kwatanta shi da ninja, mayaƙan sirri na tsohuwar Japan da ake zanawa cikin baƙaƙen tufafi, kuma da wannan suna, shak mai fitila na ninja, ya shiga littattafan masana.